Yaran da haruffa ke yi wa gardama: yadda disleksiya ke ɓoye a makarantun Nijar

A duk watan Oktoba idan aka koma makaranta, dubban yara ke shiga ajin CI a karon farko, daga Yamai har Damagaram. Malami ya rubuta layi a allo, ya nuna da sanda, aji ya amsa baki ɗaya. Wanda ya leƙo ta taga zai ɗauka kowa na karatu. Sai ranar da aka tayar da yaro shi kaɗai, aka nuna masa kalma daga tsakiyar layi, ake rarrabe mai karantawa da mai bin amon ƴan uwansa.

A cikin masu yin shiru a wannan rana akwai wani rukuni da ba a cika maganarsa ba. Yara ne masu wayo da baki, ba a cutarsu a canji idan an aike su kasuwa, suna riƙe tatsuniya daga farko har ƙarshe, amma da an ajiye musu takarda sai komai ya tsaya. Shekara ta zagayo, ƙannensu su cim musu, har su wuce su. A gida a ce wasa ya yi musu yawa, a makaranta a ce daƙiƙai ne, wasu uwayen kuma su fara zargin sammu ko baki. Ƙarshen da yawansu shi ne barin makaranta: namiji a kai shi garejin gyaran babur ko ya bi ƴan ci-rani, mace a ɗora mata talla kafin a fara maganar aure.

Likitoci da masana ilimi na kiran wannan lalura disleksiya. Ƙiyasin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin 100, ke nan a ajin da ke da ɗalibai 60 ana iya samun uku zuwa shida. Ba ta da maganin sha ko allura. Amma an san hanyar koyarwar da ke fitar da irin waɗannan yara, kuma ita ce hanyar da sauran ajin ma ke bukata.

Inda matsalar take

Sunan ya samo asali ne daga wani likitan ido ɗan Jamus, Rudolf Berlin, a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, wanda ya iya lissafi amma ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai. Malaminsa ya shaida cewa da baki kawai ake karatu, da babu wanda zai kamo shi a makarantar. An daɗe ana ɗauka matsalar ta ido ce, shi ya sa a wancan zamani ake ce mata makantar kalma.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa idon yawancin waɗannan yara lafiya lau yake. Cikas ɗin yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautukan magana. Kafin yaro ya iya karanta “gida”, dole ya ji cewa kalmar ta kasu gaɓa biyu, gi da da, kuma gi ɗin ma sauti biyu ne a haɗe. Daga nan ya ɗaura kowane sauti a kan harafinsa, ya riƙe su a ka, ya haɗa su da sauri. Mai disleksiya na jin magana sarai yana kuma fahimta, amma fasa kalma zuwa ƙananan sautuka da ɗaura su a kan haruffa na yi masa nauyi ƙwarai. Abin da wani yaro zai kama bayan an nuna masa sau kaɗan, shi sai an maimaita masa sau da yawa, gobe kuma a tarar rabi ya zube.

Lalurar na bin jini. Idan uwa ko uba ko wani kawu ya sha irin wannan wahala, yiwuwar yaro ya same ta ta fi ta sauran yara nesa. Tana samun maza da mata, kuma ba ta da alaƙa da ƙarancin hankali. Jacques Dubochet ɗan ƙasar Suwizilan, wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2017, ya rubuta a tarihin aikinsa cewa shi ne yaro na farko da aka tabbatar wa disleksiya a hukumance a yankinsu na Vaud. Maggie Aderin-Pocock, masaniyar sararin samaniya da aka haifa a Landan, wadda uwayenta ƴan Najeriya ne, ita ma tana da lalurar, kuma tun 2014 take gabatar da shirin taurari a talabijin na BBC.

Akwai kuskuren da ya kamata a gyara. Mutane da yawa na ɗauka duk yaron da ke juya b ta zama d yana da disleksiya. Masanin ƙwaƙwalwa na Faransa Stanislas Dehaene ya yi bayanin cewa kusan duk mai fara karatu na yin haka, domin ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar abu da juyinsa a matsayin abu guda. Buta buta ce, ko bakinta na kallon gabas ko yamma. A rubutu ne kawai juyawa ke canza ma'ana, kuma sai yaro ya koyi haka. Abin damuwa shi ne idan aka kai ƙarshen CP ko CE1 ba a rabu da juyin ba, ga kuma sauran alamu.

Dalilin da ya sa ba a ganinsu

A ƙasar da yawancin yara ke iya karatu a shekara ta biyu, wanda ya kasa nan da nan yake fitowa fili. A Nijar lamarin ya sha bamban. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gano a 2014 cewa ƙasa da yaro 1 cikin 10 na ƙarshen firamare a Nijar ne ya kai matakin da ake bukata a karatu. A zagayen 2019 adadin ya ƙaru zuwa kusan 3 cikin 10. An samu ci gaba, amma har a lokacin yara 7 cikin 10 na kammala CM2 ba su fahimtar abin da suke karantawa yadda ya kamata.

Ba zai yiwu a ce duk waɗannan disleksiya ke damunsu ba. Dalilan sanannu ne: cunkoso a aji, littafi guda a hannun yara da yawa, azuzuwan zana da ba a kafawa sai an gama girbi an samu kara, yajin aiki, da malaman kwantaragi waɗanda su ne mafi yawa a firamare, da dama cikinsu ba su samu isasshen horo kan koyar da karatu ba. Sannan ga babbar matsalar harshe. Yaron da bai taɓa jin Faransanci a gida ba ana bukatar ya koyi sabon harshe da fasahar karatu a lokaci guda.

A irin wannan taro mai disleksiya ke ɓacewa. Malami ba shi da hanyar rarrabe shi da wanda bai samu koyarwa ba, domin dukansu shiru suke yi. Hadda kuma na ƙara rufe shi, saboda da yawansu kunnensu na da kaifi. Yaro zai haddace shafi gaba ɗaya daga bakin ƴan aji, ya tashi ya rera shi yatsansa na bin wani layi daban. Da haka yake hawa aji har zuwa CE2, inda darussan tarihi da kimiyya da matsalolin lissafi duk suke komawa sai an karanta. A nan ne makinsa ke rushewa a kowane fanni, har a lissafin da ya iya. Ga kuma dikte, inda ake zare maki a kan kowane kuskure: yaron da ya rage kuskurensa daga 30 zuwa 15 sifili ɗin dai zai sake gani.

Rubutun Faransanci da na Hausa

Disleksiya na nan a kowane harshe, amma nauyinta ya danganta da tsarin rubutun da yaro ke koyo. A 2001 wani bincike da Eraldo Paulesu ya jagoranta ya kwatanta masu lalurar a Ingila da Faransa da Italiya. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna matsala iri ɗaya, amma ƴan Italiya sun fi karatu daidai, saboda a harshensu kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Wani binciken na Philip Seymour da abokan aikinsa a 2003 ya duba yaran Turai a ƙarshen shekararsu ta farko. Yaran Finlan da Jamus da Girka sun karanta kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da aka ba su daidai, na Faransa kashi 79, masu koyo da Ingilishi kuma kashi 34. Waɗannan yara ne da ke koyo da harshen da suka tashi da shi.

Duk wanda ya yi lakwal ya san dalili. Sautin o kaɗai ana rubuta shi o, ko au, ko eau. Kalmomin vert da verre da vers da ver duk furucinsu ɗaya. A ils parlent haruffa uku na ƙarshe ba a furta su. Ƙari a kan haka akwai sautukan da babu su a Hausa, irin su v da p da wasulan hanci, waɗanda kunnen yaro bai saba rarrabewa ba.

Rubutun Hausa na boko ya fi sauƙi nesa. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma gaɓoɓin Hausa iri uku ne kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Yaron da ya san a, i, k, f, r, m zai iya karanta kifi da rami da kaka da fara, kuma ya san abin da ya karanta. Wannan sanin ma'ana shi ke ba shi damar gyara kansa idan ya yi kuskure.

Sai dai Hausar ma na da nata tarko. Ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, don haka gari na zama da garin tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka kuka na hawaye da kukar miya. Haruffan b da d da ɓ da ɗ sun yi kama da juna, kuma bai kamata a koyar da su a mako ɗaya ba. Yaron Tawa ko Maraɗi da ke cewa hwari zai ga an rubuta fari, sai malami ya yi masa bayani. Lokacin ƙaura zuwa Faransanci kuma dole a faɗa masa ƙarara cewa c da u da e sun canza sauti.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a 1999 kuma aka tsayar da ƙa'idojin rubuta su. Kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ga mai disleksiya, abin da ya fi muhimmanci shi ne ya fara da harshen da yake ji, ko Hausa ne ko Zabarmanci ko wani. Misalin Burundi ya nuna amfanin hakan da kuma iyakarsa. A can da Kirundi ake fara karatu, kuma a PASEC na 2014 kusan yara 8 cikin 10 na farkon firamare sun kai matakin da ake bukata, a lokacin da Nijar ke da kusan 1 cikin 10. Amma a 2019 sakamakonsu na ƙarshen firamare, wanda ake aunawa da Faransanci, ya yi rauni. Harshen gida na buɗe ƙofar karatu, harshe na biyu kuma sai an ba shi nasa lokaci da malamai.

Yadda za a gane yaron

Alamu na farawa tun kafin shiga makaranta: jinkirin fara magana, juya gaɓoɓin kalma, da kasa kama wasannin baki irin su zaurance da karya harshe waɗanda tsaransa ke yi cikin sauƙi. A CI da CP yana mance sautin harafin da aka koya masa jiya, ko ya faɗi sautukan ɗaya bayan ɗaya amma ya kasa haɗa su. Yakan kalli harafin farko ya cinki sauran. Idan ya girma karatunsa na tafiya a hankali yana gajiyar da shi, yana iya rubuta kalma guda iri uku a shafi ɗaya, kuma a share allo bai gama kwafa ba. Jerin ranakun mako da jadawalin sau na yi masa wuyar riƙewa. Wasu kuma ciwon ciki ko na kai ke tasar musu duk safiyar ranar dikte.

Kafin a yanke hukunci sai a duba wasu abubuwa. A kai shi asibiti a auna ji da gani, domin ciwon kunne mai zubar da ruwa da sanƙarau na rage ji, kuma Nijar na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla. A duba ko yunwa ko ƙarancin jini na sa shi gyangyaɗi, ko zazzaɓin cizon sauro da sikila sun sa ya rasa makonni. A tambaya ko ajin nasu ya samu malami duk shekara.

Bayan haka akwai gwajin da yaya ko malami zai iya yi cikin minti biyar, da Hausa. A ce masa ya tafa hannu a kan kowace gaɓa ta raƙumi. A tambaye shi abin da zai rage idan aka cire ka daga kaza. A ce ya juya gaɓoɓin tasa, ya samu sata, ko ƙasa ya samu saƙa. Sai a rubuta haruffa a barbaje, ba a jerin da ya haddace ba, ya faɗi sautinsu. Daga ƙarshe a ba shi kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana, irin su nifo da zoki, domin su ba a iya haddace su ko cinkarsu. A Ingila tun 2012 duk ɗan shekara shida na yin irin wannan gwaji na kalmomi 40, rabinsu na ƙirƙira.

Wannan gwaji ba ya tabbatar da disleksiya, yana nuna wanda ke bukatar taimako ne kawai. Tabbatarwa aikin ƙwararru ne masu gyaran magana, waɗanda ake kira ortofonis, da masana halayyar yara, kuma su ƴan kaɗan ne, a manyan birane ake samunsu. Amma ba sai an jira takardar likita ba. A ware yaran da suka kasa, a koyar da su da kyau a ƙaramin rukuni na wata biyu zuwa uku. Yawancinsu za su taso da sauri, wato koyarwa ce dama ba su samu ba. Ƴan kaɗan ɗin da ke ja da baya duk da haka su ne ake kyautata zaton suna da lalurar, kuma su ke bukatar a ci gaba da su.

Koyarwar da ke aiki

Tun shekarun 1930 likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham a Amurka suka tsara hanyar koyar da irin waɗannan yara. A Faransa Suzanne Borel-Maisonny ta ƙirƙiro wadda ake haɗa kowane sauti da alamar hannu. Kwamitin bincike kan karatu na Amurka a 2000 da rahoton Jim Rose na Ingila a 2006 duk sun tsaya a kan cewa koyar da alaƙar sauti da harafi a bayyane, bisa tsari, shi ya fi amfani ga masu fara karatu, musamman masu rauni.

Wanda ya yi makarantar allo zai ga tsarin bai yi masa baƙo ba. Ana fara babbaƙu, kowane harafi da sunansa na Hausa irin su ba guje da ta kuri, sannan farfaru inda ake sa wasula, kafin a kai ga haɗa kalmomi. Yaro na gani, yana faɗa, yana bi da yatsa, kuma ba a wanke masa allo sai ya kawo na jiya. Wannan bi-da-bi da kuma sauraren kowane almajiri shi kaɗai su ne abubuwan da ajin boko mai cunkoso ya rasa.

Zama ɗaya bai kamata ya wuce minti 15 zuwa 20 ba, amma a yi shi kullum. Gajeren zama sau biyar a mako ya fi dogon zama ranar Lahadi. A fara da bitar sautukan da aka riga aka koya. Sai a kawo sabon sauti guda ɗaya: a faɗe shi, a nemi kalmomin da ke farawa da shi, yaro ya zana harafin da yatsa a ƙasa yana furta shi, ya gina shi da laka, ya rubuta a ɗan allonsa. Sautin ake koyarwa, mmm da sss, domin da sauti ake haɗa gaɓa. Daga nan a rubuta haruffa a marafan kwalba ko guntayen kwali, ya riƙa tura su suna haɗuwa: m da a su ba da ma, a canza wasali a samu mi da mu. Sai a yi masa shiftar kalmomi uku ko huɗu, a rufe da ƴar jimlar da aka gina da haruffan da ya sani kawai. Idan ya yi kuskure a mayar da shi kan harafin ya sake furtawa, kada a bar shi ya cinka daga hoto. Ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna.

A gefe guda a ci gaba da ciyar da kansa ta kunne. A karanta masa labarai, a yi masa tatsuniya, a tambaye shi abin da ya fahimta. Jinkirin karatu bai kamata ya hana shi tara kalmomi da ilimi ba.

A aji kuma akwai sassaucin da ba ya cin ko dala. A zaunar da shi gaba. Kada a tayar da shi karatu gaban jama'a ba shiri, a ba shi layinsa tun jiya ya yi bita. A tarihi da kimiyya a yi masa tambaya da baki, domin saninsa ake aunawa. A dikte a ƙirga kalmomin da ya rubuta daidai, ko a ba shi rubutun da zai cike gurabe. A ƙara masa lokaci a jarrabawa. Bulala kuwa ba ta ɗaura sauti a kan harafi, tsoro take ƙarawa, kuma yaron da ke jin tsoro abin da ya sani ma kubce masa yake.

Wayar salula na taimakawa: ana iya naɗar darasi da murya ya saurara, kuma wayoyi da yawa na karanta rubutun Faransanci da Ingilishi a bayyane. Amma a yi hattara da masu tallar maganin buɗe ƙwaƙwalwa a tasha da WhatsApp, da tabarau masu launi, waɗanda bincike bai tabbatar suna gyara karatu ba. Uwaye na yi wa ƴaƴansu addu'a, kuma hakan ba ya hana a zauna a koya musu harafi.

Ga mazauna ƙetare

Wanda ke aiko kuɗin makarantar ƙane ko ɗa daga Legas ko Abijan ko Aljeriya ya kamata ya wuce tambayar na nawa ya zo a aji. A kira ta bidiyo, a sa a rubuta wa yaron kalmomi biyar da bai taɓa gani ba, a saurare shi. Idan za a biya malamin darasin gida, a tambaye shi yadda yake koyarwa. Wanda zai maimaita haddar da aka yi a aji ba abin da zai canza.

Masu ƴaƴa a makarantun Turai da Amurka na da haƙƙoƙin da da yawa ba su sani ba. A Faransa likita na rubuta takardar gwaji wajen ortofonis, inshorar lafiya na ɗaukar kaso na kuɗin, kuma makaranta na iya tsara wa yaro shirin tallafi da ake kira PAP, har da neman ƙarin sulusin lokaci a jarrabawa. A Amurka, inda ƴan Nijar ke da yawa a New York da Greensboro, uwaye na iya rubuta wa makarantar gwamnati takardar neman a auna ɗansu kyauta, idan ya cancanta a tsara masa shiri na musamman da ake kira IEP. Jin harshe biyu ba ya haddasa disleksiya, don haka babu dalilin daina yi wa yaro Hausa a gida. Haka kuma kada a yarda a yi ta jira shekaru da sunan bai gama koyon harshen ƙasar ba, alhali wasan sautuka na gagararsa har a Hausar.

Abin da ke hannun makarantu da hukuma

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma akwai makarantu na musamman irin ta makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai. Mai disleksiya shi ba makaranta daban yake bukata ba. A ajinsu zai zauna, abin da ya rasa shi ne malamin da zai gane shi. Wannan ya sa maganar ta koma kan makarantun horar da malamai, irin su Askia Mohamed a Damagaram da Bawa Jangwarzo a Maraɗi da Kawusan a Tawa, da kuma tarukan CAPED inda malaman da ke bakin aiki ke ƙara wa juna sani. Cibiyar INDRAP mai tsara littattafai na da rawar takawa wajen samar da ƙananan littattafan da ke bin jerin haruffa mataki-mataki a harsunan ƙasa. A maƙwabciya Najeriya an yi irin wannan da shirin Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauchi.

Akwai kuma tushen da za a ɗora a kai a cikin gida. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da tsarin raba yara bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu. A Nijar shirin makaranta don kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a 2004, ya taimaka wa kwamitocin makarantu shirya darussan ƙari bayan an tashi. Kwamitin CGDES da ƙungiyar uwaye mata ta kowace makaranta na iya neman matasan unguwa da suka gama lise ko jami'a su riƙe rukunin yara biyar zuwa takwas da yamma.

Lokaci na da muhimmanci, domin taimakon da aka fara a CI ko CP ya fi saurin tasiri a kan wanda aka fara a CM1, lokacin da yaro ya riga ya yarda cewa shi ba ɗan karatu ba ne. Malamin da ke da ɗalibai 60, idan ya saurari yara shida a rana, minti biyu kowane, cikin mako biyu ya ji muryar kowa shi kaɗai. Idan aka yi haka kafin hutun ƙarshen Disamba, akwai sauran wata biyar zuwa shida na yin aiki da waɗanda aka gano kafin shekarar karatu ta ƙare.